Ƙofar ajiyar takardu ba makulli

TAMBAYA: Malam ina wuni, ina da ƙaramar lakwal a Tawa, ɗan yayata ya yi muna shafin intanet inda iyaye ke tura takardar haihuwa da hoton yaro ba sai sun sa suna ko lambar sirri ba, wani ya ce mani wai da hatsari, gaskiya ne? Wata Hajiya, Tawa

AMSA: Lahiya lau Hajiya, wallahi gaskiya ya gaya maki, rumbu ne kuka bari buɗe bakin hanya. Ɓarawon intanet ba hoto zai turo ba, ɗan shirin kwamfuta na PHP (yaren da ake gina shafukan intanet da shi) zai rubuta ya laƙa masa suna kamar hoto, in sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ba ta duba cikinsa ba kuma ta aje shi inda kowa ke iya kunna shi daga intanet, to shi ke nan ya samu mabuɗi, ya kwashe takardun yara ko ya goge komi, wani ma manyan kaya zai yi ta zubawa har wurin ya cika shafin ya tsaya cik. A 2020 haka aka yi da File Manager, wani ƙari na sarrafa fayil a WordPress (manhajar gina shafukan intanet), wanda shafuka sama da 700,000 ke aiki da shi a lokacin, sai sigar 6.9 ta toshe ramin.

Ki ce ma yaronki kowane uba ya samu tasa lambar sirri, a karɓi hoto irin JPG da takarda irin PDF kawai, a duba cikin fayil ɗin don suna ba shaida ba ne, a canza masa suna a ƙayyade girma, a aje shi wajen da sabar ba za ta kunna shi ba. Fayilolin da suka riga suka shigo ma ya zauna ya bi su ɗaya ɗaya yau ɗin nan.