Wanda Ya Biya Maka Kuɗin Mota a Kumasi

Ƙanena, saƙonka ya iso tun ranar Talata. Ban so in amsa maka da muryar minti biyu a WhatsApp ba, shi ya sa na bari sai da na samu zama. Ka ce tun da ka koma Kano abu ɗaya ke yi maka yawo a ka: ranar da ka shiga trotro, motar hayarmu ta nan Gana, daga tashar Kejetia za ka unguwar Aboabo, ka miƙa wa yaron mota kuɗi, ya ce an riga an biya maka, ka waiwaya ba ka ga fuskar da ka sani ba. Kana tambaya ko ni na shirya maka wannan, ko kuwa mu 'yan zango muna yi wa baƙo kirki ne don ya koma gida ya ba da labari mai daɗi. Wallahi ban san mutumin ba. Zatona ya ji ka kana waya da Hausar Kano, ya dubi hular da ke kanka, ya gane ba ɗan gari ba ne, shi ke nan. An sha yi mini, ni ma na sha yi wa wasu.

Kai in ka fito ƙofar gida a Yakasai, gidan dama na baffanka ne, na hagu na surukan yayarka, mai shagon bakin layi kuwa kakansa da kakanka tare suka yi allo. Alherinku yana bin jini da tsohuwar maƙwabtaka, ba sai an yi tunani ba. Mu ba mu gaji wannan ba. Sunan unguwar ma ya faɗa maka: zango, wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Tun kafin zamanin kakanninmu fatake ke tasowa daga Kano da jakuna da madugu, su yi watanni a hanya, su bi ta Yandi su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, su sayar da kanwa da turkuɗi da fata, su ɗauki goron Asante su juya. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutane suka bazu Kete Karachi da Kintampo da Kumasi da Ankara, wato Accra. Kuna cewa baƙo raɓa ne. To, mu raɓar ce ta kwana, ta wuni, har ta yi gida.

Duk wanda ya zo a wancan lokaci, wani ne ya sauke shi. Akwai mai gida, wanda zai ba ka ɗaki, matansa su ba ka tuwo, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in rigima ta taso. Yana samun la'adarsa, ba na ce don Allah kawai yake yi ba. Amma kakana, wan kakanka, haka aka sauke shi, ya yi shekara biyu a soron wani Bakatsine da ba su haɗa komai ba sai salla da harshe. Da ya yi ƙarfi shi ma soronsa bai taɓa zama babu baƙo ba. Saboda haka in ɗan zango ya ga baƙo a mota, kakansa yake gani.

Ka kwana a gidanmu, ka ga yadda yake. Ɗaki goma sha ɗaya, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Akwai mu, akwai Dagomba, akwai Zabarmawa, akwai wata tsohuwa 'yar Asante da muke kira Maame, akwai saurayi Bafrafre mai gadi. A irin wannan gida ba a jiran babban abu kafin a yi wa juna. Ruwan Kumasi ba ya sallama, hadari zai haɗu cikin minti goma, duk wadda ke gida ita za ta kwashe shanyar kowa, ta ninke, ta ajiye a ƙofar mai ita. In an kawo ruwan famfo da tsakar dare, wanda ya farka zai tara wa na kusa da shi bokiti. Yaron da uwarsa ta makara a kasuwa ba zai kwana da yunwa ba, kuma ba wanda zai je ya gaya wa uwar cewa shi ya ciyar da shi. Matata ta san Maame ba ta iya haɗiye tuwo mai tauri, sai ta kwashe mata nata tun da sauran laushi. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan.

Ka yi mini dariya da ka ji na ce wa matata “ya dawo?” maimakon “ta dawo?”. Na yafe maka, Gananci ke nan, ba mu raba mace da namiji a magana. Amma ka lura da wani abu: a tsakar gidan nan Hausa ce kowa ke yi, har Maame. Bazabarme da Badagombe in za su roƙi gishiri da Hausa za su roƙa. Kalmominmu ma sun shiga bakin 'yan ƙasa ta hanyar abinci. Waakye da ka ci da safe wake ne da shinkafa, an dafa da karan dafi ya yi ja. Koko sunansa koko, ƙosai suna ce masa koose. Mai kokon bakin layinmu tana da al'ada: ɗan makarantar da ya zo da kuɗin koko kawai, sai ta jefa masa ƙosai ɗaya a leda ba ta ce komai ba. A kasuwa kuma in ka sayi tumatir ko barkono, gyara haƙƙinka ne kamar yadda yake a Rimi ko Sabon Gari, su nan ntoso suke ce masa. Mace za ta ƙara maka biyu tana yi maka tsiya cewa ka cika ciniki.

Wurin aiki ne na fi so in daɗe a kai, don nan tambayarka ta biyu take, ta cewa yaya muke yi da waɗanda ba Musulmi ba. Shekarata talatin da wani abu a Suame Magazine ina gyaran injin manyan motoci. Ka gani da idonka, gari ne guda na makanikai da masu walda da masu sayar da kayan gyara. Mai rumfar da ke jikin tawa Kirista ne, ɗan Asante. Ranar Juma'a da an yi kiran farko zai ce in tafi, shi zai kula da yarana da masu kawo aiki. Ranar Asabar kuwa, da yake ita ce ranar jana'izarsu, zai sa baƙin zane ya tafi ƙauye, ni nake riƙe masa wuri. Sifana da jak suna yawo tsakaninmu har mun manta wane ne na wa. Da azumi ba ya cin abinci a gabana, sai ya zagaya bayan wata tsohuwar tifa, ban kuma taɓa roƙonsa haka ba. Yaron da ke koyon aiki a wurina in na ga ya yi shiru da rana, na san bai karya ba, sai in aike shi sayen wani abu in ce ya riƙe canjin. In ka ba shi a gaban abokansa ka kunyata shi. Wannan dabarar daga maigidana na koya, shi ma ba Musulmi ba ne.

Akwai abin da ya daɗe yana yi mini nauyi a al'adarsu. In an yi musu rasuwa, ana kafa tebur, kowa ya kawo gudummawarsa, nsawa suke ce mata, a rubuta sunanka da abin da ka bayar a littafi, wani lokaci har a faɗa a lasifika. Mu da aka raina da cewa hannun hagu kada ya san abin da na dama ya bayar, na ɗauki wannan riya ce tsagwaronta. Sai da mahaifiyata ta rasu na sake tunani. Mun binne ta kafin la'asar kamar yadda addini ya ce, abokan aikina na Magazine suka zo da kayan aikinsu, da baƙin mai a hannu, suna mamakin saurin da muka yi. Ranar addu'ar uku suka dawo da ambulan da takarda, kowa da sunansa. Na fahimci littafin nan ajiya ce: ana rubutawa ne don kada a manta da wanda ya tsaya maka ranar da tasa za ta zo. Har yau ba na son a kira sunana a lasifika, nakan roƙi mai tebur ya rubuta kawai. Amma na daina yi musu kallon masu nuna kai.

Wani abin da muka ɗauka a wurinsu shi ne godiyar washegari. Ɗan Asante in ka yi masa abu yau, gobe da sassafe zai taka ya zo ƙofarka ya ce ya gode da na jiya, wani lokaci har ya jawo ɗan'uwansa ya taya shi godiya. Mu muna da ban gajiya bayan biki, su kuwa ko kwano ɗaya na miya ka aika sai an zo. 'Ya'yana sun tashi da wannan, shi ya sa ka ga babbar ta zo ta durƙusa maka da safe saboda turaren da ka ba ta, ka rasa me ka yi.

Naman layya muna kai wa maƙwabta Kirista, wannan ba labari ba ne. Abin da nake so ka sani shi ne yadda suke ramawa. Da Kirsimeti Maame ba ta aiko mana dafaffe. Kaza mai rai take aikowa, da ɗanyar shinkafa da mai, don mu yanka da kanmu. In kuma akuya za su yanka a gidan, sai a kira ni ko wani malami ya sa wuƙa, don kowa ya iya ci. Ba wanda ya bar addininsa, kowa dai ya san inda ɗan'uwansa ke tsayawa. Babban limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019 ya je cocin Katolika ta Christ the King a Ankara lokacin Ista. Na san an yi ta ce-ce-ku-ce a kai, har a wajenku. Mu nan yawancinmu ba mu ga baƙon abu ba, don abin da muke yi a tsakar gida ne ya yi a gaban kyamara.

Kada ka ɗauka kullum lafiya aka zauna. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Zango ya girgiza, mutanen da aka haifa a nan suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba, wasu suka sayar da gida a kuɗin akuya. Babanmu ya tafi da mu Kano ina goye, ya bar makullin shagonsa da keken ɗinkinsa a hannun wani maƙwabci ɗan Asante. Da ƙura ta lafa muka dawo, ya tarar da keken a lulluɓe da zane, an ma riƙa zuba masa mai. A 1983 kuma gwamnatin Shagari ta kori baƙi, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida, a shekarar da fari da gobarar daji suka haɗu da yunwa. Ina da wayo lokacin. Ɗan wancan maƙwabcin yana cikin waɗanda suka dawo daga Legas da jaka ɗaya. Babanmu bai ce komai ba a kan Najeriya ko Gana, kullum dai da yamma ni ake ba kwanon tuwo in kai gidansu.

Akwai kuma inda abin ke ciwo, gara ka ji daga bakina. Alherin zango yana da ido. Matar da ba ta je suna biyu a jere ba, za a ƙirga mata, ranar nata ta ga tabarma babu kowa. Yayi, wato ankonku, ya zama bashi a wuyan mata, wata za ta ci adashinta tun kafin ya zo don kada a ce ba ta fito ba. Ni kaina na taɓa sauke wani da ya ce daga Zinder yake, ya yi wata uku a ɗakin yarana, ranar da ya tafi ya haɗa da wayar ɗayansu. Na yi fushi na rantse na daina, bayan wata biyu aka kawo wani na sauke. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne 'yan matan arewacin Gana masu dako a Kejetia, kayayei, sunan ma daga kalmarmu ta kaya ya fito. Yarinya za ta ɗauko maka buhu a ka da goyo a baya, mu da muke taƙama da son baƙo mu tsaya muna ja mata ciniki a kan 'yan sulalla. Mafi ƙanƙantar abu, ka kama mata kwanon ta ɗora a ka ko ta sauke, mutane da yawa ba sa yi. Ni ma sai da na girma na fara lura.

Game da mutumin trotro, kada ka wahalar da kanka nemansa, Aboabo ba ƙaramar unguwa ba ce. Wadda ke cigiyarka ita ce Maame. Kullum sai ta ce ina ɗan'uwan nan naka mai dogon gaisuwa, wanda ya ɗaukar mata bokiti daga famfo. Ta ce dambun naman da ka ba ta ya ƙare tuni, kuma shi kaɗai ne naman da haƙoranta ke iyawa. In ka samu mai zuwa ta Aflao, iyakar Gana da Togo, kafin azumi, ka aiko mata, kada a cika yaji. Ka gaida Inna da su Baffa, ka ce musu muna nan lafiya.