Tambaya da Amsa: Ana cin abinci da sharhin waƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina sha'awar rubuta sharhi kan waƙoƙin da muke ji a rediyo, amma abokaina sun ce wannan ba sana'a ba ce. Shin akwai wanda ya rayu da ita? Daga mai karatu a Jahun, Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai shi kuwa, domin Robert Christgau, Ba'amurken da aka haifa a birnin Niyok a 1942, da wannan aiki ya yi suna. A 1969 ya buɗe fili a jaridar Village Voice, inda yake ɗaukar faifai ya yi masa sharhi cikin 'yan layuka kaɗan, sannan ya ba shi maki da harafi, kamar yadda malami yake duba takardar jarrabawa. Jaridar ta sallame shi a 2006, amma bai ajiye alƙalami ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake maimaita sauraron faifai kafin ya yanke hukunci, kuma ya daɗe yana jawo hankalin Amurkawa zuwa ga kiɗan Afirka. Ka fara da waƙa guda, ka saurare ta sau biyar, sannan ka aiko mana abin da ka rubuta.