Me mai bauta ke nema a gaban Krishna?

Tambaya: Malam, a fina-finan Indiya mukan ga mace ta kai furanni gaban Krishna, abin bautarsu, tana waƙa tana hawaye. Aljanna take nema ko me?

Amsa: Malama, abin da take nema ya sha bamban da aljannar da muka sani. A aƙidar Hindu, mutum in ya mutu ransa yakan sake shiga wani jiki, gwargwadon aikin da ya shuka, wato karma. Wannan zagaye shi ne samsara, kuɓuta daga gare shi kuwa moksha. Ana neman ta ta hanyar ilimi, ko aikin da ba a jiran sakamakonsa, ko kuma bhakti, wato ƙaunar abin bauta da miƙa masa wuya baki ɗaya. Hanyar matar nan ke nan.

Furannin ma suna da asali. A Bhagavad Gita, littafi mai babi 18 da baiti 700, Krishna ya gaya wa jarumi Arjuna cewa ko ganye, ko fure, ko 'ya'yan itace, ko ruwa aka kawo masa da ƙauna, zai karɓa. Shi ya sa talaka ya rungumi hanyar, ba sai ya iya Sanskrit, harshen littattafan addininsu, ba. A kudancin Indiya, tsakanin ƙarni na 6 da na 9, mawaƙan Alvar su 12 da Nayanar su 63 sun rera yabon ababen bautarsu da Tamil, harshen kasuwa da gida, har da waɗanda al'umma ke yi wa kallon ƙasƙanci a cikinsu.

Inda malamansu suka rabu ya fi jan hankalina. Shankara ya ce kuɓuta ita ce rai ya gane shi da asalin komai abu guda ne. Ramanuja, malamin garin Srirangam a kudancin Indiya, bai yarda ba: rai yana nan daram, kusa da Vishnu, abin bautar da suke cewa ya bayyana a siffar Krishna, yana masa hidima. Masu bhakti kan ce su ɗanɗana sukari suke so, ba su zama sukari ba.

Mabiyan Ramanuja ma daga baya sun dare gida biyu. Wasu suka ce sai bawa ya yi nasa ƙoƙarin, kamar ɗan biri da ke maƙale a jikin uwarsa. Wasu suka ce a'a, kamar ɗan kyanwa ne: uwar ce ke ɗaukarsa da baki ta kai shi inda ta ga dama, shi dai ya saki jiki.