Hayaƙin Rijiyoyin Mai: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita ina sayar da gwanjo a Fatakwal, kullum in na fyace majina baƙa ƙirin, takunkumin yadi zai kare ni?

Amsa: Kaɗan dai. Nemi takunkumin N95 mai tace ƙura in da hali, in tari ya wuce sati biyu ka je a gwada maka tarin fuka.

Tambaya: Muna kusa da wutar gas a Warri, ruwan sama in an tafasa ana sha?

Amsa: A'a. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire tokar mai.

Tambaya: Yarona ɗan shekara biyu yana tari, ƙirjinsa na kuka da dare, maƙwabta sun ce in ɗura masa manja da madara su wanke huhun.

Amsa: Hajiya dan Allah kar ki soma! Wallahi wannan magana tana ƙona min rai, abin da aka haɗiye ciki yake tafiya, huhu hanyarsa daban, to ta ina manja zai wanke shi? Kuma in kika danne yaro yana kuka kina ɗura masa sai ya sarƙe man ya faɗa huhu, nimoniya ce mai wuyar magani za ta biyo baya. Baƙar tokar nan da ta addabi Fatakwal tun 2016 daga ƙona gas da tace ɗanyen mai ta bayan fage take zuwa, ƙanƙantarta ta sa take wucewa can cikin huhu ta tayar da asma. Ki kai shi asibiti. In an ba shi inhela ki yi amfani da ita, ba ta bin jiki kamar yadda ake faɗa. Ki rufe taga da asuba, ki goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara. In kin ga yana numfashi da sauri, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa shan ruwa, ko tsakar dare ne a tafi asibiti, kar a jira gari ya waye.

Tambaya: Mu mutanen Alkaleri da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a 2022, doka za ta kare mu?

Amsa: Doka akwai, tun 1984 aka haramta ƙona gas ba izini, a 2005 babbar kotun tarayya a Benin ta ce ƙona shi take haƙƙin rayuwa ne, ga dokar man fetur ta 2021, amma har gobe wuta na ci a Neja Delta don biyan tara ya fi wa kamfani sauƙi. Ku matsa wa NUPRC, hukumar da ke sa ido kan haƙar mai, da wakilanku a auna iskarku da ruwan rijiyoyinku tun yanzu, a ba ku sakamakon a rubuce. Mai asma da mai ciki kuma su riƙa zuwa asibiti ana duba su.