Tambayoyinku kan Fasaha: In ka sallami dillali, wa zai karɓo maka kuɗinka?

Tambaya: Malam, na karanta kimiyyar kwamfuta a ABU. Shekara biyu ke nan ina rubuta manhaja ta hannun wani kamfanin dillancin ma'aikata, sai kwanan nan na gano abin da suke karɓa wurin mai aikin ya kusa ninka abin da suke ba ni. Yaya zan samu aiki kai tsaye? Daga wani matashi a Samaru.

Amsa: Ƙanena, sannu da farkawa. Amma kafin ka yi fushi, ka duba takardar da ka sa wa hannu, don yawancinsu suna hana ka ɗauke musu mai aiki na wani lokaci bayan kun rabu. Ka bar musu nasu, ka nemi naka.

Neman ba shi ne abin da ya dame ni ba. Daga Sabon Gari zuwa Kwangila, makarantun kuɗi nawa ne ke lissafin sakamakon jarrabawa da biro? Kantunan magani nawa ne ba su san abin da ya rage a shagonsu ba sai an ƙirga da hannu? Ka zaɓi matsala ɗaya, ka gina abin da ke aiki, ka ɗauki kwamfutarka ka je ka nuna. Alhaji bai san React ba, wato ɗaya daga kayan rubuta manhaja, bai kuma damu ya sani ba. Nuna masa rasit yana fitowa, shi ke nan. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da sunan, don makaranta ba ta son tura kuɗi asusun wani yaro.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Dillalin nan da kake jin haushi aiki uku yake yi maka: ya nemo mai aiki, ya rubuta yarjejeniya, ya bi bashi. Ku kuwa na farkon kaɗai kuke gani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski; in ka cinye la'adar dillali, sauran aikinsa ma naka ne. Kusan duk wata sai wani ya turo mini kuka: ya yi wata huɗu yana aiki, ya miƙa komai har da kalmar sirri, yanzu sai "ka dawo ran Juma'a". In na tambaye shi ina takarda, sai ya ce ai abokin babansa ne. To, abokin baba ne ma ya fi wuyar tambaya kuɗi!

Tun ran gini ran zane. Shafi ɗaya ya isa: me za ka gina, me ba ya ciki, nawa, yaushe, gyara sau nawa kyauta. Ni ba na buɗe kwamfuta sai kafin alƙalami ya shigo, kashi 40 cikin ɗari, sauran a raba biyu a biya. Aikin yana zaune a ma'ajiyata ta GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, har ranar da kuɗin ƙarshe ya faɗo. Adireshin shafin kuwa da sunan mai aiki nake yi masa rajista tun farko, kada gobe a ce na riƙe masa kaya. In kun yi magana baki da baki, ka rubuta abin da kuka tsayar ka tura masa ta WhatsApp ya amsa da "na yarda". "Ɗan ƙaramin ƙari" kuma, wanda kullum yake zuwa bayan Isha'i, ka sa masa farashi.

Tambaya: Na buɗe asusu a Fiverr, shafin da ke haɗa masu sana'a da masu ba da aiki, don in guje wa 'yan kamasho. Na yi daidai? Daga Tudun Wada.

Amsa: Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari na duk abin da aka biya ka. Ka gudu daga dillali mai ofis ka faɗa hannun dillali mai manhaja. Koyi sana'a a can, amma kada ka tare.

Tambaya: Wata mata a Ingila za ta ba ni aikin shafin intanet, yaya zan karɓi kuɗin? Daga wata ɗaliba a Kongo.

Amsa: Malama, buɗe asusun kuɗin waje a bankinki, ko ki yi Payoneer, asusun intanet na karɓar kuɗi daga ƙasashen waje. In ta ce ki fara tura wani abu "na rajista", ba mata ba ce, ba kuma a Ingila yake ba.

Tambaya: Kwamfutata mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 4GB tana tsayawa in na buɗe Android Studio, manhajar da ake gina manhajojin wayar Android da ita.

Amsa: Ba tsayawa take yi ba, addu'a take yi. Kai RAM ɗin 16GB in za ta ɗauka, ka sa mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri.