Ke da kike son bin motar amarya

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na ga saƙonki tun bayan la'asar, na yi dariya har jikata tana tambaya ko lafiya, da na sake karantawa kuma sai jikina ya yi sanyi. Wai Gwaggo dole ne sai na yi kunyar 'yar fari, ni fa so nake na shiga motar kai amarya na ga ɗakin 'yata da idona. Ikon Allah. Uwar amarya cikin 'yan kai amarya, toh wa za a bari a gida ya amsa wa masu zuwa Allah sanya alheri?

Amma ban ga laifinki sosai ba, shekarar nan ta zo miki da yawa. Cikin Sha'aban autanki ya yi sauka, muna zaune ya ɗauko allonsa mai zayyana ya karanto Fatiha da farkon Baƙara muryarsa tana rawa, bayan ƙaramar Sallah mai bi wa amarya ya tafi bautar ƙasa, sati ukun da ya yi a sansani da waya a hannu kike kwana, ta ukun kuma kin kai ta jami'a Samaru kin dawo kina share ido a mota, yanzu ga babbar za ta tafi bayan Sallar layya. Tukunyar da kike ɗorawa ta mutum shida ta koma ta mutum uku, dole zuciya ta nemi abin riƙewa.

Ni an kai ni ɗaki 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kobo, tsofaffi suna ta rikicewa da lissafi a kasuwa. Yayarki kuma, 'yata ta fari, na haife ta shekarar da aka kashe Murtala, 1976, kuma kin sani har yau bakina bai taɓa furta sunanta ba, yarinyar nan nake cewa, ita kuma Yaya take ce min saboda haka ta taso ta ji babanki da sauran ƙannena suna kirana. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke, sai da ta kai shekara bakwai ta dawo hannuna. In ta faɗi a tsakar gida abokiyar zamana ce take ɗaga ta, ni sai dai na kau da kai ina jin kukan har cikin hanjina. Innarmu Allah ya jiƙanta ita ta ɗora ni a kan haka, kullum maganarta ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi, ta ce ɗan da uwarsa ta kankane ƙofa ɗaya gare shi, wanda ta sakar wa dangi kuwa duk gidan da ya ƙwanƙwasa za a buɗe masa.

Auren yayarki aka yi da daminar 1994, lokacin da ma'aikatan mai suka shiga yajin aiki, motoci suna kwana a layi, galan sai wajen 'yan bumburutu da tsadar tsiya. Haɗeja za a kai ta daga nan Kano, dangin ango da ƙyar suka samo bas ɗaya da wata tsohuwar fijo, shi yasa aka ce da an yi azahar za a tashi don kar dare ya yi musu a hanya. Jere tun shekaranjiyarsa aka je aka yi, gado da kabad da kwanukan da na shekara goma ina tarawa da kuɗin adashe da na ƙuli-ƙuli, ban ga yadda suka zauna a ɗakin ba, labari kawai aka kawo min wai kabad ɗin ya cika har an rasa inda za a sa kumbo biyu. Abokiyar zamana ce uwar biki, ita ke karɓar baƙi ita ke rabon goro. Ni tun safe na shige madafi na ce ni zan kula da tuwon baƙi, an kwana ana yayyafi itacen duk ya jiƙe, ina ta hura wuta hayaƙi ya cika wajen, kuma wallahi hayaƙin nan nake so.

Ina ji aka kai ta wajen mahaifinta ya yi mata faɗa, yi na yi bari na bari, aka kai ta ɗakin abokiyar zamana, sai wata cikin gwaggwanninta ta ce a kai ta ta sallami Yayarta mana. Suka kawo ta bakin madafi a lulluɓe, ƙamshin turaren wuta ya riga ta isowa, ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ta kama ƙafata da hannu biyu, lallen ya kama ya yi jawur har wuyan hannu, tana kuka tana cewa Yaya ki yafe min. Sati guda ina tsara abin da zan gaya mata ɗiyata, da daddare ina kwance ina bitarsa kamar mai hadda. Da lokacin ya zo fuskata tana wajen murhu, muciya a hannuna, abin da ya fito daga bakina kawai Allah ya ba da zaman lafiya, tashi ana jiranki. Sai da aka ɓamɓare yatsunta daga ƙafata.

Da na ji bas ta tashi 'yan mata suna waƙa, na kifa turmi na hau na leƙa ta katanga, bayan motar kawai na gani tana kauce wa kwatami a bakin lungu. Na sauko na tarar da tsofaffin silifas ɗinta a ƙofar ɗaki, ɗaya an ɗaure maɗaurinsa da waya, na ɗauke na tura ƙarƙashin gadona, sun fi shekara a nan. Inna ta shigo ta dubi idona ta ce hayaƙi ne ko, na ce hayaƙi ne, sai ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni, ba ta ƙara cewa komai ba har tuwon ya nuna. Daga baya ne take gaya min dalilin da uwa ba ta zuwa, ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, uwa in ta shiga ɗakin 'yarta daren farko abin da ya gaza za ta fara gani, ta ga kallon da uwar miji ta yi, ta ga ƙanƙantar tsakar gida, ta dawo da shi a ranta, yarinyar kuma ta karanta a fuskarta tun ba ta kwana ba. Ban samu na taɓa jikin yarinyar nan yadda nake so ba sai da ta dawo goyon ciki, kwana arba'in ina tafasa ruwan jego da ganyen darbejiya ina dama mata kunun kanwa.

Ku kuma yanzu abin naku ya wuce gona da iri. Uwa ta sha anko ta fito tsakiyar fili a dina ana mata liƙi, gwaggwanni da innoni suna bakin ƙofa an ce ba su da kati, daga holin biki a wuce da amarya gidanta ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata zo mu zauna zo mu saɓa ne. Gari na wayewa kuma uwa ta kira a bidiyo, me kika dafa, me ya ce miki, yaushe yarinya za ta san gidanta nata ne? Na ga ma hotonta da kika sa a WhatsApp kin rubuta sunanta gatsau, na yi shiru ne kawai.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, hannun nan da ya kama ƙafata ban riƙe shi ba, yau shekara talatin da wani abu yana damuna. Ba wanda ya hana ni kiranta ɗaki ana gobe biki na rufe ƙofa na gaya mata abin da na tsara, kawai ba wanda ya ce min ana iya yin hakan. Ke kina da daren nan, kar ki bari 'yan lalle da masu hoto su cinye miki shi.

Maganar mota kuma ki bari sai na zo, ai ni ce mai kai ta, ki ajiye min waje a gaba saboda gwiwata. Ki ce wa ɗan bautar ƙasar nan in ya samu hutun biki ya biyo ta nan, na yi masa dambun nama da yaji tun wancan satin suna cikin kula.