Ku Tambaya: Ta yaya aka gane wani rukunin taurari yana tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wai na ji an ce masana sun auna tafiyar wani rukunin taurari da ke makwabtaka da namu, to abin da ke can nesa haka ya za a yi mutum ya ga motsinsa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ne, sunansa M33, tarin biliyoyin taurari ne kamar namu rukunin da rana da duniyarmu suke ciki, nisansa da mu ya kai kusan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.7. Gane ko yana matsowa ko yana nisa ba wahala, haskensa ma yana nunawa. Inda gizo ke saƙar shi ne tafiyarsa ta gefe, don ko ka kafa masa ido har ka tsufa ba za ka ga ya gusa ba. A wajen shekarun 1920 wani masani Adriaan van Maanen ya ce ya ga juyawarsa a hotuna, daga baya aka gane kuskuren awo ne.

Sai a 2005 Andreas Brunthaler da abokan aikinsa suka fito da sakamako na ƙwarai. Sun yi amfani da VLBA a Amurka, manyan faranti guda 10 masu kama siginar rediyo daga sama, kowanne faɗin mita 25, an warwatsa su tun daga Hawai har tsibirin St. Croix da ke tekun Caribbean, sai a haɗa abin da kowanne ya kama kamar na'ura ɗaya ce mai faɗin sama da kilomita 8,000.

Dabarar ce ta fi burge ni. A cikin M33 akwai wuraren da sabbin taurari ke samuwa, tururin ruwa a wurin yana fitar da sigina mai ƙarfi daga ɗan ɗigo guda, su kuma sai suka riƙa gwada ɗigon da wani abu mai haske can bayansa da nisansa ya sa kamar a kafe yake, yadda kake gane raƙumi na tafiya daga nesa in ka haɗa shi da wata bishiya. Sama da shekara biyu suna maimaita awon. Lissafi ya nuna yana gudun kusan kilomita 190 a daƙiƙa in an gwada da namu rukunin.

Irin wannan aikin ya iso kusa da mu ma, a 2017 Ghana ta ƙaddamar da farantinta mai mita 32 a Kuntunse kusa da Accra, in kana karatun fiziks ka sa ido a kansa.